Ƙaramin tambarin da ke jikin ƙwandala: yadda ake gane inda aka buga tsohon kuɗi

A babban hutun da ya wuce na je gaida gwaggona a Garwa, na tarar ta zazzage wani tsohon gwangwanin alewa a kan tabarma. Aninai ne da kwabbai masu huji, da sulalla da suka yi baƙi, da ƙananan kuɗin zamanin Faransa, da manyan dalolin azurfa guda huɗu. Kayan kakanmu ne, wanda ya yi fatauci tsakanin Yola, Garwa da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya su gaba ɗaya a kan awo, kamar yadda ake sayen fasasshiyar tukunya.

"Malam, kai da ka yi boko, duba mini," in ji ta. "In tarkace ne in ba shi in huta."

"Gwaggo, a yi mini haƙurin kwana biyu kafin a ba shi amsa."

Irin wannan gwangwani yana nan a gidajen Hausawa da yawa, daga zangon Kumasi har unguwar Briketeri ta Yawunde, domin kakanninmu sun ci kasuwa a ƙarƙashin tutoci daban-daban, kowace da kuɗinta. Mai gwangwani yakan duba abu biyu, hoton wane ne a jiki da kuma shekara. Masu tara tsofaffin kuɗi kuwa akwai abu na uku da suke nema, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba: wani harafi ko ɗan zane da ke nuna gidan da aka buga ƙwandalar. Shi nake kira tambarin maƙera. Kwabo biyu na iya zama shekara ɗaya, sarki ɗaya, nauyi ɗaya, amma a wurin masu wannan harka kowanne da gurbinsa, wani lokaci ma kowanne da farashinsa, saboda wannan ɗan tambari kawai.

Dalilin sa shi ba ado ba ne. A zamanin da kuɗi azurfa ne ko zinariya, in mai kula da maƙera ya rage awo ko ya ƙara tagulla, dole hukuma ta san inda za ta nufa. Kamar shaidar da makiyayi ke yi wa raƙuminsa ce. A Faransa, sarki François na Ɗaya ya ba kowace maƙera harafinta a shekarar 1540, Paris ta samu A. Daga baya maƙerun sun yi ta raguwa, amma al'adar ta zauna, kuma ta biyo kuɗin Turawa har ƙasashenmu.

Kwabon Ingila: H, KN, SA, ko babu komai

Na fara da masu huji, domin su suka fi yawa a gwangwanin gwaggo. Waɗannan kuɗin Afirka ta Yamma ne ta ƙarƙashin Ingila, waɗanda aka yi amfani da su a Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. An fara buga su a 1907. A fuska ɗaya akwai tauraro mai tsini shida, a ɗayar akwai kambi da sunan sarki, da darajar kuɗin a rubuce da Turanci da kuma Larabci. Anini shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ɗari kuma rabin kwabo.

Gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila da ke Landan bai iya ɗaukar aikin daular duka shi kaɗai ba, sai ya riƙa ba wasu kamfanoni kwangila. Abin da aka buga a Landan ba ya ɗauke da harafi. In ka ga H, aikin kamfanin Heaton ne na birnin Birmingham. In ka ga KN, na kamfanin King's Norton ne, shi ma a gefen Birmingham. SA na nufin Pretoria ta Afirka ta Kudu, kuma za ka same shi a wasu kwabban 1947. Akwai kuma G, na kamfanin Gaunt, a jikin wani sulen 1920, wanda samunsa ke da wuya ƙwarai. A kuɗi masu huji, ka zagaya da ido kewayen hujin. A sule mai hoton kwakwar manja, ka bincika wajen gindin bishiyar.

Shekarar da ta fi daɗin koyo a kanta ita ce 1936. Sarki Edward na Takwas ya hau mulki a watan Janairu, ya yi murabus a Disamba, saboda haka kuɗi masu hotonsa ba su taɓa shiga kasuwar Ingila ba. Amma kwabonmu mai huji ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka an buga shi, ya kuma zagaya kasuwannin Kano da Accra. Akwai shi iri uku: marar harafi, mai H, da mai KN. Masu tallar kaya a Facebook sukan kambama shi su ce kuɗin sarkin da bai yi shekara ba ne. Labarin gaskiya ne, amma an buga miliyoyi, kuma yana cikin masu araha. Wanda ake nema da gaske a wannan shekara wani kuskure ne da aka yi a Heaton, inda aka haɗa fuskar kuɗin Afirka ta Gabas da bayan kwabon Afirka ta Yamma a ƙwandala guda. Wanda bai karanta rubutun fuska biyun ba zai wuce shi bai sani ba.

Kuɗin Paris: ƙaho da abokin tafiyarsa

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin ba ya buƙatar gwangwanin kaka. Canjin da mai shago ya ba ka da safe ya isa. Mafi yawan ƙwandalolin sefa, na yamma masu tambarin BCEAO da na tsakiya masu tambarin BEAC, gidan buga kuɗi na Faransa ne ya buga su, wato Monnaie de Paris. Sunan ya ce Paris, amma tun 1973 kuɗin kashewa a masana'antarsu ta Pessac ake buga su, kusa da Bordeaux.

Ɗauki dala ashirin ko dala goma, ka duba gefen shekara ko gefen adadin kuɗin. Za ka ga ƴan ɗige biyu, galibi ɗaya a hagu ɗaya a dama, waɗanda ido zai ɗauka datti ne ko tabo. Kowanne zane ne cikakke. Na farko ƙaho ne da ƴaƴan itace ke zubowa daga bakinsa, Faransawa na ce masa corne d'abondance, mu ce ƙahon albarka. Shi ne tambarin gidan kansa tun 1880, kuma bai canza ba. Na biyun na shugaban masu sassaƙa hatimin kuɗi ne na wannan lokaci. Kowane shugaba in ya kama aiki sai ya zaɓi nasa zanen, in ya sauka zanen ya sauka da shi. A littattafan Faransanci kalmar da za ka gani ita ce différent.

Daga 1896 zuwa 1930 sandar wuta ce, ta Henri-Auguste Patey. Lucien Bazor ya gaje shi da fiffike, ya riƙe har 1958. Sai mujiyar Raymond Joly daga 1958 zuwa 1974, wadda ita ce a jikin kuɗin shekarun samun ƴancin kai. Sai kifin dolfin na Émile Rousseau, shekara ashirin cur, har 1994. Sai ƙudan zumar Pierre Rodier zuwa 2000. Bayansa an yi takalmin ƙarfe na doki, aka yi zuciya a 2003, aka yi ƙahon busa na maharba daga 2004 zuwa 2010, aka yi siffa mai kusurwa biyar, yanzu kuma murabba'i ne na Joaquin Jimenez.

Amfanin sanin wannan jeri biyu ne. Na ɗaya, in shekarar ƙwandala ta goge, tambarin zai gaya maka tsakanin yaushe da yaushe aka buga ta. In kuma ka ga shekara da tambari sun saɓa, a ce mujiya a jikin kuɗin 1990, to akwai abin bincike, kuma zato na farko shi ne jabu. Na biyu, shekarun da aka yi canjin shugaba su ne gonar masu tara kuɗi, domin shekara guda tana iya fitowa da tambari iri biyu. Sanannen misali shi ne faran 100 na Faransa na 1958: akwai mai fiffike, akwai mai mujiya, kuma mai mujiyar ya fi tsada nesa ba kusa ba. A 1994 ma an sami kuɗin Faransa masu dolfin da masu ƙudan zuma. Duk ƙwandalar Paris da ta zo hannunka mai shekarar 1958, 1974 ko 1994, ta cancanci ka sake dubanta.

Wani abu da ke rikita masu koyo: sunan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a gefen hoto na wanda ya zana hoton ne, ba na shugaban lokacin ba. Dala guda ta yamma mai kan barewa tana ɗauke da sunan Bazor shekaru da yawa bayan ya bar aiki, saboda zanen bai canza ba. Za ka iya samun sunan Bazor da kifin Rousseau a ƙwandala ɗaya, kuma babu kuskure a ciki.

Na gwada wannan da ɗalibaina a darasin tarihi. Na ce kowa ya zo da canji, muka aro gilashin ƙara girma daga wurin mai gyaran agogo. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba shi ya fara gano mujiyar, ya yi ta ihu kamar ya tsinci jika goma.

A gwangwanin gwaggo akwai ƙwandala ɗaya da ta karya wannan doka ta Paris: faran guda na Kamaru na 1943, jan ƙarfe, zakara a gaba, gicciyen Lorraine a baya, babu ƙahon albarka, sai SA. Tarihin yaƙi ne a jikinta. Jamus ta mamaye Paris a 1940. A watan Agustan wannan shekara Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi bayan Janar de Gaulle, Kamaru ma ta bi. Hanyar Paris ta toshe, sai aka kai aikin buga kuɗi Pretoria. Wannan faran shi ma iri biyu ne, wani an rubuta Cameroun Français, wani an ƙara Libre.

Ba kowane harafi ne na maƙera ba

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Tsohuwar dala goma ta BEAC, mai kawunan gwanki uku, wadda aka fara bugawa a 1976, tana da harafi guda a ɓangaren da aka rubuta 50. Wannan harafin ƙasar da aka buga wa kuɗin yake nunawa: A Cadi, B Afirka ta Tsakiya, C Kongo, D Gabon, E Kamaru. Maƙerar dai ɗaya ce, kuma ƙahon albarka na nan a wurinsa. Masu tarawa suna neman kowane harafi na kowace shekara, kuma tun da kuɗin na yawo ba ruwansu da iyaka, za ka iya haɗa biyar ɗin daga aljihun ɗan acaɓa guda a Kusseri.

Haka abin yake a takardun kuɗi na yamma, inda H ke nufin Nijar, A Kodebuwa, B Benin, C Burkina Faso, D Mali, K Senegal, T Togo, S Gine-Bisau. Ka ga ke nan H a takardar jika Nijar ce, H a jikin kwabo kuwa Birmingham ce. Kafin ka fassara harafi, sai ka san kuɗin wace hukuma ne a hannunka.

Sai dalolin azurfa. Uku daga cikin na gwaggo faran biyar ne na Faransa na ƙarni na 19, irin waɗanda suka bar mana kalmar dala a ma'anar faran biyar har yau. Kowace giram 25 ce, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Su haruffansu na maƙera ne na gaskiya: A Paris, BB Strasbourg, K Bordeaux. Ta huɗun kuwa dalar Mariya Tereza ce ta Ostiriya, wadda ta daɗe tana ci a kasuwannin Borno da Wadai da ƙasar Hausa, mata kuma suka mai da ita abin wuya. Tana ɗauke da shekarar 1780, da haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton sarauniya. Kada shekarar ta ruɗe ka. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma ƴan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kuɗin har ba sa karɓar wanda aka taɓa wa zane, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara, a Vienna, daga baya kuma a Roma, Landan, Paris, Brussels da Bombay. S.F. farkon sunayen jami'ai biyu ne na maƙerar Günzburg, kuma an yi ta kwafar su tare da sauran zanen. Masana na rarrabe bugun wannan gari da na wancan ta hanyar ƙirga duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniya, da gashin wutsiyar mikiya, da siffar ɗan gicciyen da ke bayan shekara. Wannan aikin ƙwararru ne. Abin da mai gida ya kamata ya riƙe shi ne nauyinta wajen giram 28, azurfar cikinta kuma kashi 83 da ɗoriya cikin ɗari, don kada a taya masa ita a farashin dalma.

Yadda za ka duba

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma ya isa, in babu shi kamarar waya ma tana yi. Ka riƙe ƙwandalar ta gefenta, ka sa haske ya zo daga gefe guda, kamar hasken taga da hantsi, ka riƙa karkata ta a hankali har inuwa ta fito da zanen. Hasken da ya faɗo daga sama kai tsaye shafe ƙananan abubuwa yake yi.

Babban gargaɗi shi ne kada ka wanke. Mu mun saba in ƙarfe ya yi baƙi sai toka da lemun tsami, ko yashi da soson ƙarfe. A wurin masu saye, ƙwandalar da aka goge ta yi ƙyalli ta rasa mafi yawan darajarta, kuma abin da ya fi saurin tafiya a gugar shi ne tambarin da kake nema. In datti ya cika wurin, ka jiƙa ta a ruwa mai tsabta, ka tsane da tsumma mai laushi, ka tsaya nan.

Rashin ganin harafi ba ya tabbatar da cewa babu shi tun asali. Kwabon da ya shekara talatin yana wucewa daga hannu zuwa hannu, harafinsa na iya sulɓewa. Wani lokaci kuma tun a maƙera maiko ke cika ramin harafin a jikin hatimi, sai ya fito dishi-dishi ko rabi, KN ya zama kamar N kaɗai. Kafin ka ce kwabo na Landan ne, duba sauran ƙananan rubutun da ke kusa. In su ma sun lafe, shaidarka ba ta da ƙarfi.

Inda tambari ke da tsada, nan maha'inta ke taruwa. A Amurka akwai santi na 1909 mai harafin S na San Francisco da baƙaƙen VDB, wanda 484,000 kacal aka buga, alhali na Philadelphia marar harafi ya kusa miliyan 28. Saboda wannan tazara, an daɗe ana samun masu manna S a jikin mai arahar. Wasu kuma kankare harafi suke yi in marar harafin ne ake nema. Alamar ita ce launin wurin ya bambanta da kewayensa, ko ka ga ɗan kwari, ko ƙananan zane-zanen kankara. Abin da ya fi tsada a duba shi sau biyu, a kuma auna shi a sikelin masu sayar da zinariya.

A ɗaya ɓangaren, harafi shi kaɗai ba arziki ba ne. Ƴan uwanmu da ke aiki a Turai sun sha turo mini hoton yuro biyu na Girka na 2002 mai harafin S a cikin tauraro, wai an ce yana sayen mota. S ɗin na nufin Suomi, wato Finland, inda Girka ta kai kwangilar bugu don ta cika adadin da take buƙata, kuma miliyoyi aka buga. Abin da ke sa farashi shi ne yawan da aka buga da wannan tambari a wannan shekara, da yawan da ya rage, da lafiyar ƙwandalar. Waɗannan ana duba su a kundin masu tara kuɗi. Shafin Numista, wanda ke da Faransanci da Ingilishi, yana jera kowace shekara da tamburanta. Maganar da ake yaɗawa cewa anini mai huji na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi kuwa, ƴan damfara ne ke kiwonta. Anini gamin tagulla ne da nikel, na farko-farkon kuma alminiyom.

Bayan kwana biyu na koma wa gwaggo da takarda. Babu abin da zai kai ta Makka a gwangwanin. Amma azurfar dalolin huɗu kaɗai ta ninka abin da mai awo ya taya gwangwanin duka, faran ɗin Pretoria kuma na ce a ware shi. Cikin kwabban 1936 na sami marar harafi guda biyu da mai H guda ɗaya.

"To na ukun fa, mai haruffa biyun?" ta tambaya.

Na ce babu shi a ciki. Ta mayar da murfin gwangwanin, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ce akwai wani irinsa a wurin ƙanwarta a Mubi, in na je hutun gaba in tafi da gilashina.